Dorina ba ta yi wa yaron nan komai ba

Jama'a yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Ina koyar da aji uku a wata firamare nan Kano, yara sun haura casa'in, a cikinsu akwai wani yaro mai galahanga da aka kawo min bara. Da an fara karatu sai ya toshe kunne ya fasa ihu yana dukan benci, wani lokacin har ya ciji na kusa da shi. Malamin da ya riƙe su kafin ni dorina kawai yake sa masa, iyayen sauran yara kuma kullum suna ofishin hedimasta wai a mayar da shi makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, wata uwa ma cewa ta yi aljanu ne a kai shi ruƙiyya.

Ni ma wallahi na daka masa tsawa ba sau ɗaya ba, Allah Ya yafe min. Sai da na koma ina rubuta lokacin da abin yake tasowa a bayan rajista, sati biyu, sannan na gane ashe duk sanda aka kaɗa ƙarfen tashi ko aji ya ɗauki haddar nan ta baki ɗaya, biyu sau biyu huɗu, to nan yake birkicewa. Ƙara ce ke shiga masa kai. Na dawo da shi bakin ƙofa, ina taɓa kafaɗarsa kafin a kaɗa ƙarfe, na kuma ba shi aikin goge allo, in ya ji abin ya taso ya fita ƙarƙashin darbejiya ya dawo. Ihun ya ragu sosai, ban ce ya daina ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, to madalla, amma wa ya koya mana yadda za mu yi da su? Jami'ar Bayero (BUK) tana da sashen ilimi na musamman, ana yaye ɗalibai, ni dai ko ɗaya ban gani a makarantarmu ba. Iyayen da ke ƙorafi ma ban ga laifinsu ba, wadda aka ciji ɗanta ai dole ta yi magana.

A turo min malami ɗaya kawai ya zauna kusa da shi. Na rubuta takarda tun zangon farko, har yau shiru.