Ranar da Surukina Ya Yi Mini Tafinta a Gaban Likita

Mako biyu bayan an cire mini matsarmama ta ƙananan huda huɗu a ciki, sai na ga bayan gidana ya tsinke kuma launinsa ya koma kore-kore, fitsari kuwa ya yi ruwan ɗorawa mai haske kamar an zuba masa rini. Na tuna an ce in koma asibiti idan launi ya canza, amma ban tuna wane launi ake nufi ba. Tunda an hana ni tuƙi, Baba Alhaji da kansa, mahaifin maman yara, ya ce shi zai kai ni. Na ɗauka a mota zai jira, sai ga shi ya biyo ni har ofishin likita, ya ja kujera ya gyara zaman babbar riga.

Likitar, wadda ba ta kai ƙanwata ba a shekaru, ta ce, "Malam, yaya launin bayan gidan yake?" Mutumin da shekara goma sha ɗaya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ne zan siffanta masa wannan abu. Na sunkuyar da kai na ce, "To, yana nan dai, alhamdulillahi." Ta sake tambaya, na sake gode wa Allah. Da ta tambaya a karo na uku, sai Baba Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, faɗa mata mana. Kamar miyar kuka ne, ko kamar kunun gyaɗa?" Cikin muryar da ni kaina da ƙyar na ji, na ce, "Kuka, Baba." Ya juya ya isar mata da saƙon da ƙarfi, kamar ba a gabanta na faɗa ba.

Ta duba farin idona ta ce babu ciwon shawara. Ta bayyana cewa hanta ce ke yin ruwan ɗacin, matsarmama ma'ajiya ce kawai, don haka yanzu ruwan yana ɗiga cikin hanji ba tsayawa, kuma idan abinci ya wuce da sauri ba ya samun lokacin da zai rikiɗe ya koma ruwan ƙasa. Fitsarin kuwa aikin bitamin B2 ne da ke cikin ƙwayoyin da maman yara take ɗura mini. Abin da zai sa a dawo da gaggawa, in ji ta, shi ne bayan gida ya yi fari kamar farar ƙasa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi rawaya, ko ƙaiƙayi da zazzaɓi, domin hakan na iya nuna tsakuwa ta toshe bututun da ruwan ɗacin yake bi.

Abin da har yau ban yafe ba shi ne, Baba Alhaji ya haddace wannan jeri tsaf, kuma kowace safiya yana aiko da tambaya ta bakin 'yarsa ko har yanzu kuka ce. Ranar ma a gidansa muka tsaya cin abincin rana, aka kawo tuwon dawa. Ban buɗe kwanon miyar ba.