Tsohon faifai ya yi tsada, mai waƙar fa?

Akwai wani faifai da na yi kusan shekara biyu ina farautarsa. Ba zan faɗi sunansa ba, kar na ɓata wa masu shi ciniki. Ƙaramin faifan garmaho ne irin mai juyi 45 a minti ɗayan nan, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya, wasu samari ne suka buga shi a ƙarshen shekarun 1960, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Duk inda masu tara faifai suka haɗu sai an kawo maganarsa, kowa na cewa ai idan ka ji jitar da ke ciki sai tsigar jikinka ta tashi. Ran da ya shigo hannuna na wanke shi, na goge da tsumma mai laushi ina bin zagayen layin a hankali, na jira ya bushe, na ɗora, na sauke allura kamar mai ajiye ƙwai. Ƙas-ƙas ɗin farko ya wuce, kiɗa ya shigo. Minti biyu da 'yan daƙiƙu. Na juya bayan, na sake komowa gaban. Wallahi waƙar ba ta da wani daɗi. Mai ganga sai gudu yake yana barin 'yan uwansa a baya, mawaƙin kuma kamar mura ke damunsa. Ashe ƙarancin faifan na saya, shi kuwa ƙaranci ba ya fitowa ta lasifika.

Tun daga ranar na fara kallon wannan harka da wani ido. Masu tono tsofaffin fayafan pop da na saikedelik suna son a ce musu masu ceto, wai su ne ke tsamo waƙoƙin da duniya ta manta. Akwai gaskiya a ciki, zan zo kanta. Amma ni abin da na gani shi ne an rabu gida biyu, akwai masu neman waƙa akwai kuma masu neman abin da wani ba shi da shi, kuma hanya mafi sauƙi ta gane wanda kake magana da shi ita ce ka tambaye shi ina wanda ya yi waƙar yake yanzu, yana raye ko ya mutu, ya samu wani abu ko bai samu ba.

Ga wanda bai san kiɗan ba, saikedelik ya taso ne a tsakiyar shekarun 1960 a Amurka da Ingila. Jita mai gurnani, murya mai amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya, ogan yana ta shawagi, wani lokaci ma a juya tef ɗin ya riƙa tafiya da baya. Ba sai an ɓoye ba, yana da alaƙa da ƙwayar maye ta LSD da matasan lokacin suka rungumi sha, wasunsu ma ita ta kai su ƙasa. Wata ƙungiya daga Texas, 13th Floor Elevators, tana cikin na farko da suka rubuta kalmar a bangon faifansu a 1966. Kafin nan kuma, tun da mawaƙan Ingila Beatles suka fito a talabijin ɗin Amurka a 1964, sai kowane yaro ya ce shi ma jita zai saya, aka cika garejin iyaye da hayaniya, a tara 'yan kuɗi a buga kwafi ɗari biyu ko ɗari biyar, a sayar wa abokai, sauran su ƙare a ƙarƙashin gado. A 1972 Lenny Kaye ya tattara waƙoƙi 27 na irin waɗannan ƙungiyoyi a kundin Nuggets da kamfanin Elektra ya fitar, kuma kusan daga nan ne mutane suka farga cewa akwai zinari a cikin kwandon da ake zubar da fayafai marasa kasuwa.

Kiɗan bai tsaya can ba. Turkiyya ta yi nata da su Erkin Koray da Selda Bağcan, Birazil tana da Os Mutantes, Najeriya tana da BLO da Ofege, Zambiya ta yi WITCH, Kambodiya kuma abin da aka yi a Phnom Penh babban birninta kafin 1975 har yau idan ka ji sai ka yi shiru.

To a nan ne dole na cire wa masu tara faifai hula. Da 'yan tawayen kwaminis na Khmer Rouge suka karɓi Kambodiya a watan Afrilun 1975, manyan mawaƙa irin su Sinn Sisamouth da Ros Serey Sothea sun ɓace a cikin waɗannan shekaru, ba su dawo ba. Abin da ya rage na muryarsu galibi fayafai ne da kaset-kaset da mutane suka ɓoye ko suka tsere da su. A Zambiya farashin tagulla ya faɗi a tsakiyar shekarun 1970 tattalin arziki ya durƙushe, sannan cutar ƙanjamau ta zo ta kwashe mawaƙa da yawa, cikin waɗanda suka kafa WITCH Jagari Chanda ne ya rage, shi ma ya koma haƙar duwatsu masu daraja don ya ci abinci. Sai da kamfanin Now-Again ya sake fitar da fayafansu a 2012 sannan ya koma kan dandamali, har suka yi sabon kundi a 2023. Kuma kar a ce ai manyan kamfanoni na adana komai. Gobarar da aka yi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka a 2008 ta cinye tef-tef na asali masu ɗimbin yawa, sai bayan shekara goma sha ɗaya jama'a suka san girman asarar. Idan tef na asali ya tafi, wannan mutumin da matarsa ke masa faɗa kullum don ya cika ɗaki da kwalaye, shi ne ma'ajiyar ƙarshe. Wannan ban musa ba.

Amma ku duba ɗaya fuskar. A 1996 an fitar da wani kundi a Amurka mai suna Cambodian Rocks, waƙoƙi 22 na waɗancan mawaƙa na Kambodiya, babu sunan mawaƙi ko ɗaya, babu sunan waƙa. Mutanen da aka shafe daga doron ƙasa, aka zo aka sake shafe sunansu a bangon faifai, sai daga baya masu saurare suka riƙa bin diddigi suna gano wane ne wane. Wasu za su ce ai da ba don kundin ba da mutanen waje ba su san kiɗan ba. Haka ne. Amma idan ka tsinci akuya ka yanka ka raba wa unguwa, daɗin naman bai mayar da ita taka ba.

Ɓoye suna ma tsohuwar ɗabi'a ce a harkar. A arewacin Ingila a shekarun 1970, masu saka faifai a wuraren rawar da ake kira Northern soul sukan liƙa takarda a kan tambarin faifai su rubuta sunan ƙarya, don kar abokin gasa ya gane ya je ya nemo nasa. Mawaƙin yana can Amurka bai san ma ana rawa da waƙarsa ba. A cikin wannan duniyar ne aka sayar da kwafi ɗaya na wani faifan Frank Wilson a kan fam 25,742 a 2009. Shi dai Frank Wilson ya yi suna a kamfanin waƙa na Motown ba yunwa yake ji ba, amma ƙa'idar ɗaya ce ga kowa, cinikin hannu na biyu ko sisi ba ya komawa wurin mai waƙa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Wanda ya sayar da tsohon littafi ba ya aika wa marubuci kaso, to don me za a ɗora wa mai faifai? Na yarda, ba na cewa a sa haraji a kan kwandon gwanjo. Inda nake tsayawa shi ne wurin sake bugawa. Idan za ka kwafi waƙar mutum ka buga sabbin kwafi dubu ka sayar, ko ka yanki wani ɓangare ka saka a taka waƙar, to neman mai ita ya zama wajibi, ko da kuwa zai ɗauke ka shekaru. Ana cewa da wuya, kamfanin ya rushe, takardu sun ɓata, magada sun warwatse. Eh da wuya. Amma mutumin da ya iya gano a wace masana'anta aka buga faifai daga 'yan lambobin da aka karta kusa da tambari, ba zai gaya min ya kasa gano iyalan mai jita ba.

Labarin Sixto Rodriguez ya isa misali. Ya yi kundi biyu a 1970 da 1971, Amurka ba ta saya ba, ya koma aikin rusau da gini a Detroit. Alhali a Afirka ta Kudu fayafansa na ta tafiya kamar me, har ana yaɗa cewa ya mutu. Sai da wasu masoyansa biyu suka nace da bincike sannan aka same shi, ya je ya yi wasa a Cape Town a 1998. Kuɗin duk waɗancan shekaru wani ya karɓa, shi dai bai gani ba. Abin da ya burge ni a labarin, waɗancan mutum biyu ba kwafin farko suka tafi nema ba, mutumin suka tafi nema.

Sannan kalmar nan ta "an gano" tana ɗan ba ni haushi. Wa ya ɓata? Selda Bağcan ba ta taɓa ɓata wa Turkawa ba, har kurkuku ta shiga saboda waƙoƙinta bayan juyin mulkin 1980. Sau da yawa idan aka ce an gano mawaƙi, ana nufin wani a Landan ko New York ne ya ji shi yau. Kuma wani mawaƙin ma ba ya son a gano shi. William Onyeabor na Enugu sai da kamfanin Luaka Bop ya daɗe yana lallashi kafin ya yarda a fitar da kundin waƙoƙinsa a 2013, duniya ta ɗauka, shi kuwa ya riƙe addininsa ya ƙi yarda ya zauna ya ba da labarin waƙoƙin, har ya rasu a farkon 2017. Haƙƙinsa ne. Aƙalla an je an yi sallama a ƙofarsa.

Wasu tsofaffin hannu na kukan cewa intanet ta lalata harkar, tun da aka buɗe Discogs, shafin tara bayanan fayafai da cinikinsu, a 2000 kowa ya san darajar komai, babu sauran tsintuwa, YouTube kuma ya sa yaro ɗan shekara sha biyar yana jin abin da su suka yi shekara ashirin suna nema. Ni wannan kukan ba na taya su. Ta intanet ɗin ne Vashti Bunyan, wadda ta yi kundi ɗaya a 1970 bai yi kasuwa ba ta watsar da waƙa gaba ɗaya, ta buga sunanta ta tarar mutane na neman faifanta ruwa a jallo, aka sake fitar da shi a 2000, ta yi na biyu a 2005 bayan shekara 35. Sirrin da tsofaffin hannun suke kewa, mawaƙan ne suke biyan kuɗinsa.

Shi kuwa faifan nawa yana nan a kan kanta. A ƙarƙashin sunan waƙar an rubuta sunan mutum biyu da ƙananan haruffa, na ɗauki hoton tambarin na saka inda ake tara bayanan fayafai, ko wani jikansu zai ci karo da shi. Kwanaki wani ya turo min saƙo yana so ya saya, ya yi tayi mai kauri. Na ce masa tsakani da Allah waƙar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, bari na tura maka ka fara ji tukuna. Ya ce ba sai ya ji ba, na dai ɗauko masa hoton gefen kwalin ya ga ko ya yage.