Ɗalibin da ya san amsa tun kafin gwaji

A ganina, babban bambancin da ke tsakanin darasin kimiyya a sakandaren gida da na nan Ingila yana wurin lokacin da ake gaya wa ɗalibi amsa. A gida malami kan jera matakai a allo: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako. Yara su haddace tsaf. Sannan a shiga gwajin lilo, wato abu mai nauyi da aka rataye da zare yana kai da komo, wanda daga tsawon zarensa da lokacin da yake ɗauka ake lissafa ƙarfin jan ƙasa, bayan an riga an sanar da su cewa amsar 9.8 ce. Wanda lissafinsa ya ba shi 10.9 ya san abin yi, sai ya ɗan taɓa alƙaluman har su matso. Ban ga laifinsa ba, tunda an nuna masa cewa awon da ya saɓa wa littafi abin kunya ne.

A nan, malamin kirki kan fara da tambaya: me ke sa lilo ya yi sauri ko ya yi jinkiri? Kowa ya rubuta hasashensa da biro kafin a taɓa zare. Da yawa kan ce nauyi ne. Sai a ɗaura noti ɗaya a zare mai tsawon santimita 100, a auna, a ƙara na biyu da na uku a gefensa ba tare da an canza tsawon ba. Kowane zuwa da dawowa yana nan a kusan daƙiƙa 2. Hasashe ya faɗi a gaban mai shi, kuma babu makin da aka cire masa. Daga nan a bar nauyi yadda yake, a rage zaren zuwa santimita 25, lokaci ya koma daƙiƙa 1. Tsawo ya ragu ninki huɗu, lokaci ya ragu ninki biyu kawai, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake zana giraf, wato zanen layi mai nuna alaƙar tsawo da lokaci, da murabba'in lokacin (lokacin sau kansa).

Inda ake koyon aikin sosai shi ne wurin kurakurai. Yatsan mutum kan makara da kusan daƙiƙa 0.2 wajen danna agogo, shi ya sa ake ƙirga zagaye 20, wato zuwa da dawowa 20, a raba lokacin gida 20, a kuma maimaita sau uku. Kada a ja lilon ya wuce digiri 10, don lissafin na ƙaramin lilo ne. Tsawo kuwa daga maratayi ake auna shi har tsakiyar notin. Wanda ya tsaya a saman notin zai ga layin girafinsa bai ratsa ta sifili ba. Shi kuma mai 10.9 ɗin can, mai yiwuwa ya ce "ɗaya" ne a daidai lokacin da ya saki lilon, sai ya auna zagaye 19 yana zaton 20 ne. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga 9.8 zuwa kusan 10.9. Da an bar shi da lambarsa an ce ya nemo dalili, da ya gano da kansa.

Kada a ɗauka nan ɗin babu aibi. A jarrabawar kimiyya ta GCSE, wadda ɗaliban sakandare ke yi a nan, ɗalibi ba ya riƙe kayan gwaji a gaban mai duba shi, tambayoyi ne kan gwaji a takarda, kuma aƙalla kashi 15 cikin 100 na maki ake ware musu. Saboda haka wasu azuzuwan sun koma bin takardar umarni layi-layi, na'ura ta auna lokaci, kwamfuta ta zana giraf, yaro yana kallo. Ta wannan fuskar WAEC ta fi, domin ɗan makaranta yana ɗaura zarensa ya riƙe agogonsa a ranar jarrabawa.

Gyaran da nake so a gida ba ya cin kuɗi. A ɓoye 9.8 sai ƙarshen darasi, a hana goge kowace lamba daga jadawali, a kuma ware maki ga wanda ya bayyana abin da ya karkatar da awonsa.