Taurarin Mujalla da Sayen Kayan Sauti a Bauchi

Ya zama al'ada ga mai niyyar sayen lasifika ko amfilifaya ya fara duba abin da mujallun waje suka rubuta, sannan ya shiga kasuwar Wunti da sunan wata na'ura a bakinsa, yana cewa ai an ba ta taurari biyar. Binciken abin yabo ne, amma ina ganin muna ɗora wa waɗannan taurari nauyin da ba za su iya ɗauka ba.

Mujallun nan ba na wasa ba ne. Stereophile ta Amurka tana fitowa tun 1962, What Hi-Fi? ta Ingila kuwa tun 1976, kuma a cikin marubutansu akwai masu kunne da ilimi na gaske. Sai dai mafi yawan irin waɗannan mujallu da kuɗin talla suke rayuwa, kuma kamfanonin da suke tallar su ne suke aiko da kayan da za a gwada. Ba sai an ba wa kowa toshiyar baki ba kafin alƙalami ya yi sanyi. Shi ya sa na fi natsuwa da tsarin Consumer Reports, mujallar Amurka mai gwada kayayyaki domin masu saye, wadda ba ta karɓar talla, kuma da kuɗinta take sayen abin da za ta gwada. Lokacin da ta soki wata lasifikar Bose a 1970, kamfanin ya kai ta kotu, aka yi ta shari'a har 1984, inda Kotun Ƙolin Amurka ta ba mujallar gaskiya.

Ko marubucin da ya tsarkake niyya, idonsa yana iya rinjayar kunnensa. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin kayan sauti na Harman sun nuna cewa makin da masu sauraro suke ba lasifika yana sauyawa idan suna ganin girmanta da sunanta da farashinta, saɓanin lokacin da aka ɓoye ta bayan labule. Alhali galibin sharhin mujallu ana yin sa ne na'urar tana gaban mai sharhin.

Babbar matsalar tamu kuwa ita ce ba a gidajenmu aka yi gwajin ba. Mai sharhi a Landan yana zaune ne a ɗaki mai kafet da labule masu kauri, wutarsa ba ta rawa. Falon Bauchi tayil ne a ƙasa, siminti a bango, sauti yana dukan ko'ina yana dawowa, har bes ɗin da aka yaba ya koma gunji mai danne murya. Mu kuma murya ce rabin abin da muke saurare: karatun Alƙur'ani, tafsirin watan azumi, labaran rediyo, waƙoƙin da baitinsu ya fi kiɗansu muhimmanci. Babu mujallar da za ta faɗa maka yadda amfilifaya zai jure wutar da take zuwa ƙasa-ƙasa, ko sauyi daga layi zuwa janareto, ko zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka ma da bolt 120 take aiki, tamu wutar kuwa 230 ce, kuma jona ta kai tsaye yana iya ƙone ta nan take.

Sannan akwai jabu. Kwalin da ya taso daga kasuwar Alaba ta Legas yana iya ɗaukar sunan da mujalla ta yaba, amma cikinsa wani abu ne daban. Haka lambobin nan na dubban wat da ake bugawa da alamar PMPO (wato ƙololuwar ƙarfin da ake cewa na'ura tana kaiwa na ɗan lokaci kaɗan), waɗanda kusan ba su nuna komai. Awon da ake kira RMS, mai nuna ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai, shi ne ya fi kusa da ainihin ƙarfin na'ura.

Amfanin mujalla a wurina shi ne ta taƙaita maka zaɓi zuwa na'urori biyu ko uku, musamman idan ta buga awo na zahiri kuma ta ambaci aibi a fili. Daga nan mai saye ya tafi shago da karatu ko waƙar da ya sani sarai a wayarsa, ya saurara da ƙaramar murya kafin a ƙure, domin ƙara tana rufe aibi. Ya tambayi masu gyaran rediyo wace na'ura ce ta fi yawan dawowa teburinsu, kuma ko ana samun kayan gyaranta a gari. Ya ware kuɗin sitabilaiza tun cikin kasafinsa, ya kuma nemi rasit da garanti a rubuce kafin a ɗora kwalin a kan Keke Napep.