Kafin ka sayi inji, auna ƙofarka

Mai sayar da injin sassaƙa ƙarfe zai cika ka da labarin ƙarfinsa da santsin teburinsa, amma ba zai taɓa tambayarka faɗin ƙofar ɗakin aikinka ba. Nawa kusan tan ɗaya ne. Direban da ya kawo shi ya dire shi a bakin titi, ya ce iyakar aikinsa ke nan, ya ja motarsa.

Abin haushin, nauyin duk a sama yake, gindin kuwa ɗan tsukuku. Ka karkata shi kaɗan sai ya nemi kifewa, wanda kuma ya ce zai tare shi da hannu a asibiti zai kwana. Sai da muka sauke teburin ƙasa can, muka juya kan injin ya dubi ƙasa, muka ɗaga gindin da sandar ƙarfe, muka zura bututu uku a ƙarƙashi. A tura taku ɗaya, a zaro na baya a mayar gaba. Awa huɗu muka kwashe a tafiyar da yaro zai yi cikin daƙiƙa goma, dokin ƙofa kaɗai ya cinye rabi.

Maƙwabta kuwa kowa injiniya ne, da baki. Mai kama igiya babu.

Da ya shiga na ce alhamdulillahi, an gama. Ashe wutar lantarki mai layi uku, irin ta masana'antu, yake sha, gidana kuma layi ɗaya ne. Yau kwana tara yana tsaye a tsakiyar ɗaki, ina jiran na'urar da za ta juya masa wutar, kullum sai na raɓe ta gefensa in wuce.