Wannan zanen Kano da kuke ta yaɗawa

Yau ma na sake cin karo da shi a Facebook: Kano daga kan Dala, ga rufin soraye, ga dabinai jefi-jefi. An rubuta a ƙasa wai "hoton Kano na farko". Jama'a, ba hoto ba ne, kuma wanda ya ƙawata shi bai taɓa taka Kano ba.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850 da kuɗin gwamnatin Ingila, ya biyo ta Agadas da Katsina, ya shigo Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman. Ya hau Dala ya yi ɗan zanensa. Bayan ya koma gida ne aka miƙa zane-zanen ga wani mai zane, Martin Bernatz, ya gyara su aka buga a littafinsa mai juzu'i 5 a 1857 da 1858. Bernatz kuwa Habasha ya sani. To, ka ga idon mutum biyu ke tsakaninmu da Kanon wancan zamani.

Shi ya sa ni na fi gaskata alƙalamin Barth a kan zanen. Mutumin nan yana jin Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci. Ya ƙiyasta mutanen birni 30,000, ya bi sawun baƙin rinin Kano har Timbuktu da Ghat, bai kuma ɓoye cinikin bayin da ya gani a kasuwa ba. A Gwandu ya zauna yana kwafar littafin tarihin Songhai. Abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, duk a ƙasar Borno suka rasu, shi ya kai gida a 1855, ya yi shekara 10 kacal ya bi su.

Kar dai a ɗauka don Allah ya zo. Yarjejeniyar ciniki aka aiko shi nema, wannan a fili yake.

Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta, ya yi wa Barth hidima har Landan. Shi ma ya ba da labarin tafiyarsa, da Hausa tsantsa, aka rubuta. Ya kalli Turawa kamar yadda suka kalle mu. Nawa ne cikin masu yaɗa zanen nan suka taɓa jin sunansa?