Fushin Kanada a kan Amurka ba zai buɗe mata sabuwar kasuwa ba

A farkon watan Maris na 2025 ma'aikatan shagunan barasa na gwamnatin lardin Ontario suka yini suna sauke kwalaben Amurka daga kan kanta suna jerawa a kwali. A filayen wasan hokin ƙanƙara na Ottawa da Montreal kuwa, mutanen da duniya ta sani da kawaici sun riƙa yi wa taken Amurka ihu. Kuɗin fito na kashi 25 cikin 100 da Donald Trump ya ɗora wa kayansu ya yi musu ciwo, amma abin da ya fi sosa musu rai shi ne raini: yana kiran firaministansu Justin Trudeau "gwamna", yana cewa su zo su zama jiha ta 51 a huta.

Da Trump ya tambayi tarihi, da ya gaya masa cewa an sha gwada wannan dabara. Kanada mai jin Turanci ta ginu ne da mutanen da suka ƙi bin juyin-juya-halin Amurka, suka tattara komatsansu suka yi arewa bayan 1783. A yaƙin 1812 sojojin Amurka sun ƙetaro, har suka cinna wa York wuta a 1813, garin da ake kira Toronto yau, amma ba su ci ƙasar ba. Sai aka koma ta hanyar kasuwa. A 1866 Amurka ta soke yarjejeniyar cinikin da ta ƙulla da lardunan Birtaniya da ke arewacinta a 1854, wasu 'yan siyasarta na tsammanin yunwa za ta kora su zuwa gare ta. Shekara guda bayan haka, a 1867, lardunan suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya. Firaministan ƙasar na farko, John A. Macdonald, ya kafa nasa shingen kuɗin fito a 1879, ya kuma matsa aka shimfiɗa layin dogo har gaɓar tekun Pasifik, aka kammala a 1885, don kaya su riƙa tafiya tsakanin gabas da yamma.

Darasin 1911 ya fi kowanne kama da na yau. Firaminista Wilfrid Laurier ya samo yarjejeniyar ciniki da Amurka wadda manoman yamma suka daɗe suna roƙo. Sai wani jigo a majalisar wakilan Amurka, Champ Clark, ya miƙe ya ce yana fatan ganin ranar da tutar Amurka za ta kaɗa a kan Kanada baki ɗaya. Wannan magana ta taimaka wajen kayar da Laurier a zaɓe, yarjejeniyar ta mutu tare da gwamnatinsa. Haka aka yi a 2025: jam'iyyar Liberal da ake ganin ta gama yawo a watan Janairu ta ci zaɓen 28 ga Afrilu a ƙarƙashin Mark Carney, madugun adawa Pierre Poilievre kuwa har kujerarsa ya rasa.

Ina tare da mutanen Kanada a wannan rigima, kuma ba na ɓoyewa. Trump da kansa ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta USMCA tsakanin Amurka, Meziko da Kanada, wadda ta fara aiki a 2020, ya yabe ta, sannan ya dawo ya ɗora kuɗin fito yana fakewa da fasa-ƙwaurin ƙwayar maye ta fentanil, alhali abin da ake kamawa a iyakar Amurka da Kanada bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na iyakar Meziko. Duk wanda ya ga halin da 'yan kasuwar Maraɗi da Jibiya suka shiga lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019 ya san yadda babban maƙwabci kan yanke hukunci cikin dare ɗaya, ƙanana su wayi gari da asara.

Sai dai fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun daga yarjejeniyar motoci ta 1965, zuwa ta cinikin bai-ɗaya da firaminista Brian Mulroney ya ci zaɓen 1988 a kanta, Kanada ta saba da abokin ciniki guda, har ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da take fitarwa Amurka suke zuwa. A tsakanin Windsor ta Kanada da Detroit ta Amurka, sashen mota ɗaya kan haye kogi ya dawo sau da dama kafin a ɗaura shi a jikin motar. Ɗanyen man lardin Alberta ya shekara da shekaru yana gangarawa kudu a farashi mai rahusa, domin kusan duk bututun can suka nufa. An yi watsi da aikin bututun Energy East, wanda zai kai mai gabashin ƙasar, a 2017. Na Trans Mountain da ke kai mai gaɓar Vancouver sai da gwamnati ta saye shi, aka kashe wa faɗaɗa shi kimanin dalar Kanada biliyan 34, sabon layin bai fara aiki ba sai a Mayun 2024. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shingayen da ke tsakanin lardunan kansu, inda ƙa'idojin manyan motoci da lasisin sana'a suka sha bamban, har wani lokaci sayar wa Ba'amurke kan fi sayar wa ɗan lardin da ke kusa sauƙi.

Shi ya sa da aka zo teburin ciniki hannun Carney ya yi sanyi. A ƙarshen Yunin 2025 Trump ya dakatar da tattaunawa saboda harajin da Kanada ta sa wa manyan kamfanonin intanet, cikin kwana biyu Ottawa ta janye harajin. Zuwa Satumba ta cire akasarin kuɗin fiton ramuwar gayya, alhali ƙarfe da alminiyom nata na biyan kashi 50 a iyakar Amurka. Wasu sun kira wannan ja-da-baya. Ni ban ga yadda ƙasa mai mutum miliyan 41 za ta yi dambe da mai miliyan 340 ba alhali tashoshin jiragen ruwanta da bututunta ba su shirya ɗaukar kayan zuwa wani wuri ba.

Aikin da ke gaban Kanada irin na Macdonald ne, mai cin kuɗi da shekaru, wanda ba ya jan tafi kamar sauke kwalabe daga kanta. An fara shi: majalisa ta zartar da dokar rage shingayen cikin gida a Yunin 2025, kuma a ƙarshen wancan watan jirgin ruwa na farko ɗauke da iskar gas ya tashi daga tashar Kitimat da ke gaɓar yamma ya nufi Asiya.